KARKIYAR JIRGI: WA AKE YI WA AIKIN DA IDO BA YA GANI?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata 'yar rigima ce da ta shiga tsakanina da ɗan ƙanwata, wadda ko da yake mun shirya da shi, har yanzu tana yi mini yawo a zuci. Na ga ya kyautu in shimfiɗa ta a gabanku, domin tambayar da ke cikinta ta wuce gidanmu, ta shafi duk wanda ke yin wani aiki da hannunsa ya miƙa wa jama'a.

Yaron nan mai walda ne. Yana da rumfa a bakin hanyar da ta tashi daga Funtuwa zuwa Malumfashi, inda yake ƙera wa manoma amalanke da garmar shanu da injin ɓarzar masara. Allah Ya hore masa hannu, don kuwa duk abin da ya gani sau ɗaya zai ƙera irinsa, sai dai in bai ga dama ba. Shekara biyu ya yi yana tara 'yan kuɗinsa, yana harhaɗa jirgin sama mai ɗaukar mutum ɗaya a bayan rumfar, da injin wani babban babur da farfelar katako da ya sassaƙa da kansa. Da ya gama ya shafe shi da fenti kore da fari, har masu wucewa a mota suna tsayawa kallo. Rannan ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, ku ne masu alƙalami. Ka rubuta labarina a buga, ko Allah Ya sa wani babba ya gani ya taimaka. In an kawar da amfanin gona kuma, zan gwada tashi a filin ƙwallon garinmu."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi ƙwarai, har na fara tsara kanun labarin a raina. Amma maganar tashin nan ta hana ni sakat. Saboda haka kafin in rubuta ko harafi ɗaya, sai na je na ɗauko wani dattijo, aminin mahaifinmu, wanda ya daɗe yana aikin gyaran jiragen sama a Kaduna kafin ya ajiye aiki ya koma gona a ƙasar Malumfashi.

Da muka isa, dattijon nan bai ko dubi fenti ba, inji ma kallo ɗaya ya yi masa. Ya tuɓe babbar riga, ya sa aka shimfiɗa masa buhu, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin mazaunin matuƙi, ya ce, "Ɗana, ɓalle mini wannan fallen kwano in ga abin da ya riƙe fukafukan." Yaro ya yi ɗan jim, sannan ya ɓalle. Abin da ya bayyana shi ne bututun ƙarfe irin na jan ruwa, guntu biyu, an haɗa su baki da baki a daidai tsakiya da walda, an shafe waldar da kwaɓin nan da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi, an bi da fenti. Dattijo ya sa wuƙa ya kankare, sai ga waldar duk 'yan ramuka kamar saƙar zuma. Ya tambayi dalili. Yaro ya ce bututun da ya samu ne bai kai tsawo ba, wutar lantarki kuma ta yi rauni ranar da ya yi waldar. Sannan ya ƙara da cewa, "Ai nan ba wanda zai gani, Baba."

Wannan jimla ita ce maƙasudin rubutun nan nawa.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN KUJERA

Kafin mu shiga muhawara, ya kamata mai karatu ya san wurin da ake magana a kansa. Manomi zai fi kowa saurin ganewa, domin ya san karkiya. Bijimai biyu, kowanne da ƙarfinsa, ba za su ja garma su tayar da kunya ɗaya ba sai an ɗora musu itace guda da ya haɗa wuyansu, duk ƙarfin da suka yi ta cikinsa yake bi ya isa ga garma. To, haka fukafukan jirgi suke. A cikin kowane fiffike akwai wata doguwar azara da ta tashi daga tushensa zuwa ƙarshensa. Azarar dama da ta hagu suna haɗuwa a tsakiyar gangar jirgin, a irin waɗannan ƙananan jirage sau da yawa a ƙarƙashin cinyar matuƙi. Wannan mahaɗa ita na kira karkiyar jirgi.

Idan jirgi yana sama, iska ce ke tura fukafukai sama, nauyin ganga da inji da mutum kuma yana rinjayar tsakiya zuwa ƙasa. Ɗauki karan dawa ka riƙe bakinsa biyu, wani ya rataya maka dutse a tsakiya, za ka ga inda zai karye. Saman azarar matsewa yake yi, ƙasanta kuma miƙewa, kuma babu inda wannan wahala ta fi tsanani irin tushen fiffike da mahaɗar tsakiya. Bugu da ƙari, nauyin ba ya tsayawa yadda sikeli ya nuna a ƙasa. Jirgin da ya karkata digiri 60 yana juyawa ba tare da ya sauko ba, nauyin da ke kan fukafukansa ya ninka biyu. In guguwa ta buge shi, ko matuƙi ya fizge shi sama da ƙarfi, ya fi haka. Shi ya sa ƙa'idar da aka daɗe ana bi wajen ƙera ƙananan jirage ta ce fiffike ya iya ɗaukar nauyin jirgin sau 3.8 ba tare da ya lanƙwashe ya ƙi komawa ba, kuma kada ya karye sai an ƙara rabin wannan a kai. Na wasan alkafura a sama kuwa sau 6 ake nema.

Saboda haka masu wannan aiki suke yi wa karkiya hidimar da wanda bai sani ba zai ɗauka waswasi ne. Kowane rami da aka huda don ƙusa sai an bi bakinsa an goge kaifin. Ba a huda rami kusa da gefen ƙarfe, sai an bar tazarar da ta kai kaurin ƙusar sau biyu. Ɗan ƙarce da bai fi zanen farce ba a jikin azarar alminiyam, sai an goge shi ya ɓace. Dalili kuwa shi ne ƙarfe yana gajiya. Wayar da ka lanƙwasa ka miƙe, ka lanƙwasa ka miƙe, a ƙarshe da kanta za ta tsinke, kuma daga inda aka taɓa ƙarzar ta tsagar za ta fara. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In an gama duk wannan wahala, sai a rufe wurin da fallen ƙarfe, a ɗora kujera a kai, mai yiwuwa ba wanda zai sake ganinsa har jirgin ya tsufa.

GWAJIN BUHUNAN TAKI

Dattijo bai yi wa yaron faɗa ba. Ya tambaye shi nauyin jirgin har da shi kansa da mai, suka ƙiyasta kilo 300. Ya ce, "To, buhun takin zamani kilo 50 ne, jirginka buhu 6 ke nan. Sau 3.8 ya kama buhu 23. Kada kuma ta karye sai mun wuce buhu 34. Mu kifar da jirgin, mu tokare gangarsa, mu jera buhuna a kan fukafukan, ɗaya dama ɗaya hagu. Haka ake yi a ko'ina, sai dai su da buhunan yashi suke yi."

Aka aro taki wurin wani maƙwabci mai shago. Buhu 6 ta ɗauka lafiya lau, yaro ya dube ni yana murmushi. Buhu 8, muka ji wata 'yar ƙara. Ana ɗora na 10 sai ji muka yi ƙas, fukafukan biyu suka zube ƙasa, waldar ta rabe gida biyu. Wuri ya yi tsit. Can dattijo ya ce da ni, "Malam, ka ga abin da nake tsoro? Da a buhu na 3 ta karye, da ban damu ba, don ko ƙasa ba zai bari ba. Amma wannan tana da ƙarfin da za ta kai shi sama, ba ta da ƙarfin da za ta bar shi ya juyo gida."

Na daɗe ina juya wannan magana. Aikin da ya lalace ƙarara ba ya cutar kowa, domin kowa na ganinsa ya kauce. Wanda ke kisa shi ne aikin da ya yi kyan da za a amince da shi, aka ɓoye rauninsa a inda hannu ba ya kaiwa.

DON WA AKE YI?

To, wa ake yi wa aikin da ba wanda zai gani? Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce don tsoron mai dubawa. Mu da muka tashi a ƙasar auduga mun san iyakar wannan amsa. Mun ga yadda wasu ke yayyafa wa auduga ruwa ko su zuba mata yashi don ta yi nauyi a sikeli, mun ga buhun masara mai kyau a baki, ruɓaɓɓiya a gindi. Duk dabarar da mai saye ya ƙirƙiro ta bincike, mai algus zai ƙirƙiro wadda ta fi ta. Tun muna yara malamai suka karantar da mu labarin mai sayar da abincin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibinsa ya ji danshi a ƙasa, ya hore shi da ya bar jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani. Lura da cewa ba jiƙewar aka zarga ba, ruwan sama ne ya jiƙa shi. Ɓoyewar aka zarga. Gaskiyar da ta dogara ga idon mai dubawa, inda idon ya tsaya nan take tsayawa.

Amsa ta biyu ita ce don tsoron abin da zai biyo baya. Wannan ta fi ta farko ƙarfi, kuma a harkar jirgi ba ta da ja. Iska ba ta karɓar cin hanci, ba ta san ɗan wane ba, komai nisan jifa kuma ƙasa zai faɗo. Ran 19 ga Disamba, 2005, wani tsohon jirgi mai sauka kan ruwa na kamfanin Chalk's ya tashi daga Miami ta Amurka, fiffikensa na dama ya ɓalle, mutum 20 da ke ciki duk suka rasu. Bincike ya nuna tsagar gajiyar ƙarfe ce kusa da tushen fiffiken, kuma an daɗe ana ganin yoyon mai a wajen ana liƙewa, ba a bi an gano tsagar da ke haddasa yoyon ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai dai ko wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, ga kuma dalilina. Mafi yawan aikin da ake ɓoyewa ranar wankansa ba ta zuwa. Amalanken da aka yi wa waldar ha'inci yana iya shekara goma yana kai taki gona bai karye ba. In tsoron sakamako ne kaɗai dalili, ashe duk ha'incin da aka tabbata ba zai tonu ba ya halatta ke nan. Ba na jin akwai mai hankalin da zai yarda da haka, ko da ya kasa faɗin abin da ya sa.

Ni a ganina abin da ya sa shi ne, duk wanda ya karɓi aiki daga hannun wani, abin da ba ya iya gani shi yake saye. Manomin da ya biya kuɗin amalanke yana iya duba taya da fenti da kansa, ba ya bukatar amanar kowa a nan. Abin da ya bar wa mai walda amana shi ne cikin waldar. Haka mai shan magani da mai haɗa shi, haka mai hawa mota da wanda ya ɗaure birki. Masallatan da suka yi ta sahu a tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ba su ga yadda aka jera azara aka ɗaure ta a cikin bakan gizon da ke bisa kansu ba, ƙasa ta rufe. Sun dai yi sujada hankali kwance. Inda ido ke gani ciniki ne, inda ba ya gani nan ne amana take. Wanda ya ce "ba wanda zai gani" ya ambaci ainihin wurin da aka amince masa, sannan ya mai da shi hujjar cin amanar.

Akwai kuma wani abu. Hannu ɗaya ne. Da na matsa wa ɗan ƙanwata da tambaya, ya amsa cewa ba a jirgi ya fara shafe walda da kwaɓi ba, a amalanke ya saba, kuma ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba. Hannun da ya saba da rufa-rufa a inda ba hatsari, ba zai tuna ya daina ba ranar da ran mai shi ke rataye a wurin.

HUJJOJIN YARO

Zan zama azzalumi in ban kawo nasa ɓangaren ba, don kuwa bayan ya huce ya ba ni hujjoji biyu masu nauyi.

Ta farko ya ce, "Kawu, ni zan hau. In ta karye ni ta karye wa. Wa na ci amanarsa?" Na ce da shi filin ƙwallon nan gidaje ne kewaye da shi, kuma ranar gwajin duk yaran gari za su cika shi. Ko da a dokar daji zai yi, yana da uwa, yana da mata da 'ya. Amma ko mun ajiye wannan, akwai bambanci tsakanin kasada da ganganci. Mai kasada ya auna abin da zai iya aunawa, ya san inda saninsa ya ƙare, sannan ya yi tawakkali. Mai ganganci shi ne wanda ya rufe rami da tabarma don kada shi kansa ya gani, sannan ya taka. A Amurka, inda dubban mutane ke harhaɗa jirage a gidajensu, har suna da ƙungiya tun 1953, doka ta yarda mutum ya ƙera nasa ya hau. Amma sai an duba shi an ba shi takarda, sai ya yi gwaji a keɓantaccen wuri ba tare da fasinja ba, sai kuma ya manna sanarwa a inda mai hawa zai gani cewa wannan jirgi ƙirar gida ne. Al'adarsu ce kuma kafin a rufe fiffike a kira wani gwani ya leƙa ciki. Wato an bar maka kasadarka, an hana ka ɓoye ta.

Hujja ta biyu ta fi ciwo. Ya ce, "Su suna da kayan aiki. Ni a ina zan sami alminiyam na jirgi a Funtuwa? Da abin da na samu na yi. Maimakon a ƙarfafa mini gwiwa, an zo an karya mini aikin shekara biyu." Wannan magana akwai gaskiya a cikinta. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfin halitta a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota da tarkacen wani jirgi da ya faɗi kusa da Kano, aka ruwaito cewa yana ɗagawa har ƙafa 7. Irinsa suna da yawa a garuruwanmu, kuma abin da suka fi samu shi ne tafi da ɗaukar hoto. Alhali a Zariya, nan kusa da mu, akwai kwalejin koyon aikin jiragen sama tun 1964. Abin da zai ba mai karatu mamaki ma shi ne, jirgin Air Beetle da sojojin saman Nijeriya suka koyi tuƙi da shi a Kaduna tun daga shekarun 1990, asalinsa jirgin ƙirar gida ne mai suna RV-6A na kamfanin Van's da ke Amurka, irin wanda mutane ke sayen sassansa su haɗa a garejinsu. Sassan guda 60 aka sayo aka harhaɗa a Kaduna. Ashe tazarar da ke tsakanin rumfar mai walda da jirgi mai tashi ba ta kai yadda muke zato ba. Abin da ya raba su shi ne zane da aka lissafa, da ƙarfen da aka san ƙarfinsa, da wanda zai duba.

Duk da haka na ce da shi, talauci ya wanke ka a kan bututun ruwa, bai wanke ka a kan kwaɓin da ka shafa ba. Kwaɓin nan da kuɗi ka saye shi, gwajin buhuna kuwa ko kwabo ba mu kashe ba. Wilbur da Orville Wright masu gyaran keke ne a garin Dayton. A 1901, da suka ga lissafin da suka gada daga magabata bai yi daidai ba, sai suka ƙera ɗan akwatin hura iska suka gwada siffofin fiffike wajen 200 a ciki. A daidai lokacin, babban masani Samuel Langley yana da dala 50,000 daga gwamnati, amma ran 8 ga Disamba, 1903, jirginsa ya kakkarye yana tashi, ya faɗa kogin Potomac. Bayan kwana tara, ran 17 ga wata, masu gyaran keke suka tashi na daƙiƙa 12. Abin da suka fi Langley da shi shi ne ba su yarda da komai ba sai sun gwada, kuma ba su ɓoye wa kansu sakamakon ba.

RABONMU MU MASU ALƘALAMI

Yanzu bari in dawo kan kaina, don ni ma ina da laifi a wannan labari. A 1934 wani Bafaranshe mai suna Henri Mignet ya wallafa littafi yana koya wa talaka yadda zai ƙera ɗan ƙaramin jirgi a gida da katako da injin babur. Littafin ya yi farin jini, aka fassara shi, mutane da yawa a Faransa da Ingila suka duƙufa. Daga 1935 zuwa 1936 sai aka fara mutuwa. Da hukumomi suka sa jirgin a zauren gwajin iska, aka gano cewa in ya sunkuyar da kai ya wuce wani mizani, babu yadda matuƙi zai yi ya ɗago shi. Mignet ba mugu ba ne, shi ma da kansa yake hawa, kuma daga baya ya gyara zanen. Amma waɗanda suka mutu daɗin rubutunsa ne ya kai su, sun amince cewa abin da ba su iya dubawa shi ya duba.

Da na rubuta labarin da aka roƙe ni, na cika shi da kirari, na ce ga ɗan baiwa ya fito a ƙasar Funtuwa, me na yi in ba shafa kwaɓi a kan walda ba? Da yaro ya karanta ya ƙara samun ƙarfin zuciyar hawa. Yabon da bai leƙa ƙarƙashin kujera ba, algus ne shi ma, ko da soyayya ce ta kawo shi. Ba kuma ina goyon bayan masu dariya ba ne, waɗanda da sun ga yaro ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa sai su ce ya haukace. Su da masu tafi duk jirgi ɗaya ya kwaso su, don babu wanda ya ɗauki aikin da muhimmancin da zai sa ya duƙa ya duba. Wanda ya girmama yaron nan a ranar shi ne tsohon da ya kwanta a ƙasa da furfurarsa. Da za mu tafi ma na ji yana ce masa, "Ɗana, farfelar nan da ka sassaƙa, na yi aiki da mutane masu takardu da ba za su iya ta ba. Ka zo gida in nuna maka lissafin azara."

Saboda haka ɗan uwa mai sha'awar rubutu, in ka kawo wa na gaba da kai littafinka ya ɗora masa buhuna har ya karye, kada ka ɗauke shi maƙiyi. Kai ma ka san shafin da ka rubuta shekarar da ba ka tabbatar ba, da maganar da ka jingina wa malamin da ba ka karanta ba, ka ce ba wanda zai bincika. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai karatu ba ya iya bin diddigin duk abin da ka faɗa, shi ya sa ya ba ka amana.

KAMMALAWA

Ɗan ƙanwata ya yi wata biyu ba ya taka gidana, uwarsa ma sai da ta yi mini ƙorafi cewa na kunyata mata ɗa a gaban mutane, ko da yake da ta ji lissafin buhunan sai ta yi shiru ta share hawaye. Yanzu ya dawo muna gaisawa. Yana zuwa wurin dattijon nan duk Juma'a da yamma da littafin rubutu, kuma bai fasa cewa sai ya tashi ba, ni ma ban ce ya fasa ba. Guntayen bututun nan biyu ya rataye su a rumfarsa. Na lura kuma in ya gama amalanke ba ya shafa fenti sai mai shi ya zo ya ga waldar tsirara, abin da ya jawo masa asarar wasu masu saye da ke son su tarar da kaya yana ƙyalli. Na tambaye shi ko hakan bai dame shi ba, ya ce, "Yana damuna mana, Kawu."

Wannan shi ne labarin da ya roƙe ni in rubuta, ko da yake ba a yadda ya so ba, kuma sai da na karanta masa ya yarda kafin in aiko. Allah Ya ba mu ikon gyara inda ba a gani kamar yadda muke gyara inda ake gani, amin.